Sola ba ta ja? Duba nan kafin ka ɗora wa fanel laifi

Yawancin masu cewa "an cuce ni, solar nan ba ta ja", in ka bi diddigi za ka tarar fanel ɗin lafiyarsa ƙalau. Fanel taurin rai gare shi, ba abin da ke juyawa a cikinsa balle ya cinye, ƙarfinsa na raguwa ne da kusan 0.5 cikin ɗari a shekara, shi ya sa kamfanoni ke iya ba da garantin shekara 25. Inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, ita ce ma ke riga shi mutuwa, batir kuwa ba a magana.

Babban kuskure shi ne yarda da lambar da ke manne a bayan fanel. In an rubuta wat 400, a ɗakin gwaji aka samo shi, fanel yana kan digiri 25 na zafi. A saman rufi da tsakar rana yana kai digiri 60 har ya wuce, kuma duk digiri ɗaya da ya haura 25 yana cin kusan 0.4 cikin ɗari, ka ga kusan 14 cikin ɗari ya tafi tun ba a zo maganar ƙura da waya ba. Mutane na ɗauka zafin rana ne ke kawo wuta, a'a haske ne, zafin ma rage ta yake. To in 400 ya ba ka 300 ko 320 ba wanda ya cuce ka. Yi lissafinka a kan hakan, kuma a kan awa 4 zuwa 6 na rana mai ƙarfi, ba tun fitowarta har faɗuwa ba. Sannan kar a manna fanel da rufi, a bar tazara iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa.

Sai inuwa, wadda ake rainawa. Ƙwayoyin fanel a jere suke kamar sarƙa, inuwar tankin ruwa ko reshe ɗaya ta faɗa kan kusurwa sai ta ja sauran ƙasa, wani lokacin har fanelolin da ke layi ɗaya da shi. Mai haɗawa ya zo da ƙarfe 12 ya ga ba inuwa ya ɗaura ya tafi, ƙarfe 3 na yamma kuma katangar bene ta rufe rabi. Ka duba wurin da safe da yamma kafin a kafa ƙusa.

Batir kam nan ne kuɗi ke ƙonewa. Batir mai ruwa ba a son a sha fiye da rabin cajinsa, amma sai a bar shi kullum har inbata ta yi ƙii ƙii ta ɗauke, washegari kuma fanelolin sun yi kaɗan ba su iya cika shi ba, haka zai yi ta kwana da yunwa har farantan ciki su daskare ya daina riƙe caji. Ƙara batir ba ya gyara wannan, fanel za ka ƙara ko ka rage lodi. Batirin lithiyom yana jure a sha 80 cikin ɗari ko fiye. Kar ka haɗa tsoho da sabo, tsohon zai ja sabon ƙasa, kuma in ruwa ya ja baya ruwan batir tatacce ake zubawa, ba na famfo ba, ba asid ba. Dutsen guga da injin jan ruwa a yi su da rana lokacin da fanel ke aiki, ba da dare a wuyan batir ba.

Siririyar waya ma wlh tana cin wuta, musamman a haɗin bolt 12 ko 24. Taɓa ta da rana, in ta yi zafi to wutarka ce ke tafiya a banza, kuma sakakken haɗi yana iya tada gobara. A sa mai kauri, a gajarta tsakanin batir da inbata, a sa fiyus. In fanelolin suna da yawa kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir daga fanel, nau'in MPPT ta fi nau'in PWM tatso wuta.

Wanki kuma da sassafe ko da yamma, ruwa da tsumma mai laushi kawai, ban da soson ƙarfe, ban da watsa ruwan sanyi a kan gilashin da ya ɗau zafi. In an shimfiɗa fanel a kwance ɗam a ɗan ɗaga shi ko da digiri 10 ne, don ruwan sama ya riƙa gangarewa da dattin.