Faɗuwa a bakin aiki: kurakuran da muka saba da su

Duk wanda ya tsaya a kasuwar Tudun Hatsi ta garin Gombe cikin watan Agusta ya ga ɗan dako yana ratsa taɓo da buhun masara a baya, ya san taku ɗaya ne tsakaninsa da karaya. Haka lebura mai tura baro a kan fallen katako.

Silifas shi ne babban mai laifi. Gindinsa ya suɗe, ga jiƙa, ƙafa na zamewa a cikinsa tun kafin ƙasa ta kwashe mutum. Takalmi rufaffe mai zane a gindi ya fi, ko na roba ne, kuma maigida ya kamata ya saya.

Sai barin hanya yadda take, wai ai kowa ya san wurin. Yaron da ya fara aiki yau bai sani ba. A cike rami da tsakuwa, a kwashe guntayen rodi da bulo, a yi wa ruwa magudana. Ƙasar Gombe rairayi ce, bakin kwari kan zabtare bayan ruwa, don haka kada a bi da kaya ta gefensa don yanke.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan faɗuwar. Nan take a taru a kansa, wannan ya ɗaga, wancan ya ja ƙafa wai targaɗe ne. Don Allah a daina. In yana kukan wuya ko baya, ko ƙafafunsa sun mutu, a bar shi kwance yadda yake, a riƙe kansa kada ya motsa har a samu abu mai tauri a ɗora shi. In kai ya bugu sai amai ko barci ya biyo, asibiti kai tsaye, Asibitin Koyarwa na Tarayya yana nan cikin gari. Kumburi kuwa ƙanƙara a tsumma yake so, kamar minti 20, ba gashi da ruwan zafi ba. Wanda ya kasa taka ƙafa a yi masa hoto kafin a yi zancen mai ɗori, domin ɗaurin da ya matse yana kashe hannu ko ƙafa. In rodi ya yanke shi, a yi allurar tetanus.

Da yawa kuma sukan ɓoye ciwon don tsoron kora. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki. A sanar da maigida ranar da abin ya faru, a adana katin asibiti da rasiɗin magani.