Yadda na gyara haƙoran sukurun injin matsar gyaɗa

Wani mai injin matsar gyaɗa a Kakuri, Kaduna, ya kawo aikin sukuru. Tazarar haƙoran tana raguwa zuwa baki, jikin ƙarfen yana ƙara kauri, haka gyaɗar ke matsuwa. A injin CNC, wato injin sassaƙa ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa, mai kwamfutar kamfanin Fanuc, umarnin G34 ke yanka irin wannan, lambar K da ake rubutawa tare da shi ce ke rage tazarar a kowane juyi.

Ana maimaita yankan ne a kan sawu ɗaya, sai wuƙar injin ta ƙi bin sawunta na farko, haƙora suka fito biyu-biyu. Ashe G96 ce a kunne, umarnin da ke sa gudun juyi ya bi kaurin ƙarfe: kauri na canzawa, gudun juyi ma na canzawa. Na mayar da injin G97, mai tsayar da gudun juyi wuri ɗaya, na rage gudu sosai, domin tazara mai faɗi ba ta son gaggawa. Kowane yanka na fara shi daga Z guda, wato wuri ɗaya a layin tsawon ƙarfen, nesa kaɗan da bakin ƙarfen. Haƙora suka fito sumul.