Yadda za ka kai wa oga buƙata ya saurare ka

'Yan uwa ma'aikata, na Gusau da na ƙananan hukumomi, abin da ya fi kashe buƙata a ofis shi ne doguwar shimfiɗa. Mutum ya shiga wurin darakta ya ɗauko labari tun daga tushe, kafin ya iso kan magana waya ta yi ƙara ko baƙo ya yi sallama, shi ke nan.

Bayan gaisuwa, maganarka ta farko ta ɗauki abu uku: me kake so, nawa zai ci, zuwa yaushe. Misali: "Ranka ya daɗe, firintar sashenmu ta tsaya, gyaranta naira 45,000 ne, muna neman amincewarka kafin Laraba don takardun albashi su fita." Daga nan ka yi shiru. Shi zai tambayi dalili, kuma amsar da mutum ya nema da kansa ta fi zama masa a kunne.

Ka riƙe takarda shafi ɗaya da ƙiyasin mai gyara a manne. Kada ka ce "an ce". Faɗi wanda ya duba da ranar da ya duba.

Guji dab da Azahar da hantsin Juma'a, hankali ya koma masallaci. In a taro ka ga kuskure a lissafinsa, kada ka gyara shi gaban jama'a, bi shi ofis. Bayan kun rabu, tura masa layi biyu a WhatsApp na abin da aka tsayar, a rubuce, don saƙon murya mai tsawo ba kowa ke buɗe shi ba.