Yadda Mai Juna Biyu Za Ta Ƙarfafa Tsokokin Mara da Ƙugu

Yayin da ciki ke girma, nauyinsa yakan ja ƙasan baya zuwa gaba, tsayuwa ta karkace, ciwon baya ya biyo. Aikin gida, duk da wahalarsa, ba ya ƙarfafa tsokokin da ke tallafe da wannan nauyi, sai an nufe su da motsi na musamman. Kafin ki fara, ki sanar da ma'aikaciyar jinya a wurin awon ciki.

Ki fara da bango. Ki jingina kafaɗunki da ɗuwawunki da shi, ki ɗan sassauta gwiwoyi, sannan ki ja cibiyarki ciki har ƙasan bayanki ya manne da bangon. Ki riƙe na daƙiƙa 4 kina numfashi, ki saki, ki maimaita har sau 10.

Daga nan ki shimfiɗa tabarma ki durƙusa kamar mai rarrafe, tafukan hannu daidai ƙarƙashin kafaɗu, gwiwoyi daidai ƙarƙashin ƙugu. Ki tsuke mara, ki ɗaga tsakiyar bayanki sama, ki bar kanki ya sunkuya a hankali, sannan ki dawo da bayan ya miƙe ba tare da ya lotsa ƙasa ba.

Motsin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne wanda ido ba ya gani, wanda likitan mata ɗan Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana a 1948. Akwai tsokoki a ƙasan ƙugu da ke riƙe da mafitsara da mahaifa da hanji, kuma rauninsu ne ke sa fitsari ya ɗiga lokacin tari ko atishawa, abin da mata da yawa ke jin nauyin faɗa. Ki matse dubura kamar mai riƙe tusa, ki haɗa da gabanki, ki ja su sama gaba ɗaya, cinyoyi kuwa su kasance a sake. Ki ƙirga zuwa 10 idan kin iya, ki saki sosai. Ki yi sau 8, safe da rana da dare, amma ba a lokacin da kike fitsari ba.

Bayan mako 16 kada ki daɗe kwance rigingine, domin mahaifa tana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. Idan kin ga jini ko ruwa na zuba, ko kin ji jiri, ciwon ƙirji ko murɗawar mara, ki dakata nan take ki tafi asibiti.