Kurakuran da malaman motsa jiki suka fi yi wajen haɗa bidiyo da darasin fili

Tun da korona ta rufe makarantu a 2020 malaman motsa jiki da dama suka saba tura wa ɗalibai bidiyo a waya, an dawo fili kuma ba a daina ba, yanzu haɗa biyun ake yi. Tsarin yana da amfani wallahi, musamman ga yaron nan mai kunya da kullum yake laɓewa a ƙarshen layi don kada a ga ya kasa, ko ba komai yana iya gwadawa a gida ba mai yi masa dariya. Amma yadda wasu ke tafiyar da shi sai yaron ya ƙara karaya.

Babban kuskure shi ne bidiyon ƙwararru. Malam zai tura gwanin duniya yana sarrafa ƙwallo ya ce a kalla a koya, haba malam, yarinyar da ba ta iya tare ƙwallo ba me za ta ɗauka a nan in ban da cewa ita ba za ta iya ba? Albert Bandura, masanin halayyar ɗan adam, ya bayyana tun 1977 cewa abin da ya fi sa mutum ya yarda zai iya abu shi ne ya gwada da kansa ya yi nasara, ganin wani kamarsa ya yi ma yana taimakawa. To a nemi sa'ansu ya nuna, motsi ɗaya tak, a hankali, minti ɗaya ko biyu ya isa.

Wani kuskuren kuma shi ne a ce kowa ya ɗauki bidiyon kansa yana atisaye ya tura guruf ɗin aji. Kar a yi. Mutum ɗaya ya sa alamar dariya, shi ke nan an rasa wannan yaron har ƙarshen zango. A tura wa malam shi kaɗai, da sanin iyaye.

Wasu kuma suna ɗauka kowa na da waya da data. Wanda bai kalla ba a nuna masa a farkon darasi ko a ba shi zane a takarda, ban da tsawa a gaban jama'a.

Akwai kuma malamin da zai zo fili ya sake maimaita duk bayanin bidiyon yara na tsaye. To ina amfanin turawar? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce 'yan shekara 5 zuwa 17 na buƙatar minti 60 na motsa jiki a rana, alƙalumanta na 2016 kuwa sun nuna kashi 81 cikin 100 na matasa ba sa samun haka, 'yan mata ma sun fi, kashi 85. Lokacin fili na gudu da tsalle ne, a raba su biyu-biyu ko uku-uku kowa ya taɓa ƙwallo.

Wajen maki a daina auna yaro da gwanin aji, a auna shi da inda yake makon jiya. "Madalla" kawai ba ta gaya masa komai, ka ce masa yau ka lanƙwasa gwiwa da ka sauka daga tsalle, gobe mu gyara hannu.