Tattaki a Zafin Saudiyya, da Yadda Ake Gane Kambas Ya Gaji

Wanda ke zaune a Jidda ko Makka ko Riyad ya san yadda wuni yake wucewa: daga ɗaki zuwa mota, daga mota zuwa wurin aiki, ko'ina na'urar sanyi na hurawa. Direba yana kan kujera tun safe, mai tsaron shago yana bayan kanta, uwargida tana tsakanin kicin da falo. Ga kabsa da rana, ga shayi mai sukari har dare. Ciwon sukari da hawan jini sun yi katutu a ƙasar nan, kuma ba su bar 'yan uwanmu Hausawa ba. Abin da ya fi sauƙin kamawa a cikin rigakafinsu shi ne tafiyar ƙafa, kuma jarinta bai wuce lokaci da takalmi mai lafiya ba.

A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, ana son baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, ko 75 zuwa 150 idan mai tsanani ne irin gudu, sannan kwana biyu na atisayen ƙarfafa tsoka. Minti 150 ɗin nan rabin sa'a ne sau biyar a mako. Matsakaici kuwa ga ma'auninsa: numfashinka ya ɗaga, kana iya yi wa abokin tafiya magana, amma ba ka iya jan baitin waƙa ba tare da ka yanke ba. Tafiyar ganin gari, ana tsayawa ana duba waya, ba ta cika wannan mudu ba.

Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti 10 zuwa 15, kwana biyar a makon farko, ya riƙa ƙara minti biyar duk mako. A cikin wata guda ko fiye kaɗan ya kai rabin sa'a. Masu farawa da zafin nama, sa'a guda tun ranar farko, su ne ke kwana da ciwon ƙwauri su ajiye abin a rana ta uku. Kuma babu laifi a rarraba: minti goma bayan Asuba, goma bayan cin abinci, goma bayan Isha'i. Zuwa masallacin da ya ɗan fi nisa, ko hawa bene ta matakala maimakon lif, duk suna shiga lissafi. Wanda ke da ciwon zuciya, ko yake jin nauyi a ƙirji in ya hau matakala, ya ga likita kafin ya fara.

Maganar lokaci a nan maganar rai ce. Gwamnati da kanta tana hana aiki a cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, to mai motsa jiki ya fi cancanta ya kiyaye. Bayan sallar Asuba ya fi kowane lokaci, domin kwalta ta kwana tana hucewa. Bayan Magariba kuwa ƙasa na nan tana amayar da zafin da ta sha, gara a jinkirta zuwa bayan Isha'i. Zafin garuruwan ma ba iri ɗaya ba ne. A Jidda iska na ɗauke da laimar teku, gumi ba ya bushewa, jiki kuma ba ya yin sanyi sai gumin ya bushe, shi ya sa mai tafiya a Kornish, wato titin bakin teku, yake jiƙewa sharkaf amma zafi bai sake shi ba. A Riyad iska busasshiya ce, gumi na tashi nan take, sai mutum ya zaci bai zubar da ruwa ba alhali ya zubar da yawa. In kana son sanin naka, hau sikeli kafin fita da bayan dawowa: duk kilo ɗaya da ya ragu, kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Fitsari mai duhu shi ma shaida ne. Jiri, ciwon kai ko tashin zuciya a kan hanya, a tsaya a shiga inuwa a sha ruwa. Idan mutum ya fara rikicewa ko magana ta sarƙe masa, a kira motar asibiti ta 997, a yi ta zuba masa ruwa a jiki kafin su iso. A watannin tsananin zafi, zagaya cikin babban kanti mai sanyi ya fi mamsha, wato hanyar masu tattaki ta waje. Da azumi, bayan Tarawihi ne ya fi dacewa.

Ƙarfafa tsoka ba ya buƙatar kuɗin rajista. Tashi daga kujera ka koma ba tare da dafa hannu ba, sau goma, zagaye uku. Tura bango da hannu biyu, sau goma zuwa goma sha biyar. Tsaya a bakin matakala ka ɗaga diddige ka sauke a hankali, sau goma sha biyar. Robar ruwa mai lita ɗaya da rabi nauyinta kilo ɗaya da rabi ne, ta isa atisayen kafaɗa ga mai farawa.

Sai takalmi, inda mutane da yawa ke cutuwa ba su sani ba. Muna duba kambas ta sama: in yadin bai yage ba, farin bai dafe ba, sai a ce da sauransa. Amma abin da ke kare ƙafa ba a sama yake ba. Ɗauki naka ka dube shi ta gefe. Akwai yadin sama da igiya. Akwai shimfiɗar ciki wadda ake iya zarewa. Akwai robar ƙasa mai zane-zane da ke taka hanya. Tsakaninsu akwai soso mai kauri, galibi fari, sai kuma wani abu mai tauri da aka dasa a baya yana rungume da diddige. Wannan soson tsakiyar shi ne ran takalmin. A yawancin kambas an yi shi da wani sinadari da ake kira EVA, cike da ƙananan kumfar iska da ido ba ya gani. Duk taku sai su matse su sake buɗewa. Mai tafiya yana ɗora masa nauyin jikinsa da ɗan ƙari, mai gudu kuwa ninki biyu zuwa uku. Bayan dubban ɗaruruwan taku kumfar nan ta fara fashewa, soson ya kwanta bai sake tashi ba. Daga nan dukan da yake shanyewa sai ya wuce kai tsaye zuwa diddige da ƙwauri da gwiwa, alhali saman takalmin yana nan kamar jiya aka sayo.

Nisan da masu harkar suka saba bayarwa kafin kambas ya gaji shi ne kilomita 500 zuwa 800. Mai nauyin jiki, da mai gudu a kan siminti, da mai takalmi marar kauri, su riƙe ƙaramin adadin. Lissafin ba wuya. Rabin sa'a na tafiya mai kyau kusan kilomita biyu da rabi ne. Sau biyar a mako ya kama 12 da rabi, wato za ka cike 500 a mako 40, kimanin wata tara. Mai yin kilomita huɗu sau biyar a mako zai kai nan a wata shida. In kuma da takalmin kake zuwa aiki da kasuwa, duk wannan yawon na cinsa. Ranar da ka saya, zare shimfiɗar ciki ka rubuta kwanan wata a ƙarƙashinta da biro, domin ƙwaƙwalwa ba ta riƙe irin wannan.

Lissafi kaɗai bai isa ba, sai an gwada da ido da hannu. Ajiye takalmin ƙafa biyun a kan tebur mai lebur, ka durƙusa har idonka ya yi daidai da diddigensu, ka dube su ta baya. Lafiyayyen takalmi yana tsaye cak. Wanda ya gaji za ka ga ya karkata ciki ko waje kamar tsohuwar katangar da ruwa ya ci gindinta, wani lokacin ma in ka taɓa shi da yatsa sai ya yi lilo. Duba gefen soson: layuka masu zurfi a jere, irin tamojin goshi, alama ce ya danne. Sa babban yatsa ta ciki, wurin da tudun tafin ƙafa ke sauka, ka danna. In ka ji laushi mai turo yatsa baya, da saura. In ka ji tauri kamar katako, ko rami ya zauna a wurin, ya gama. Sannan kama shi da hannu biyu, gaba da baya, ka murɗa kamar mai matse wanki. Ya kamata ya yi maka gardama. Wanda ya naɗe ba musu, ko ya lanƙwashe a tsakiya maimakon wajen yatsu, ba ya riƙe ƙafa kuma.

Juya shi ka ga ƙasa. Cinyewar gefen diddige ta waje abu ne da aka saba gani ga yawancin mutane, kada ta tayar maka da hankali. Abin lura shi ne inda zanen ya shafe ya yi sulɓi, ko roba ta cinye har farin soso ya leƙo. Irin wannan a kan tayil ɗin da aka goge, ko dandamalin da ruwan alwala ya jiƙa, faɗuwa ce ke jira. In kuma ƙafa ɗaya ta fi ɗaya cinyewa nesa ba kusa ba, a nuna wa likitan ƙashi ko na gashin ƙashi, domin sau da yawa matsalar daga tafiyar take.

Jiki ma yana faɗa. Ba ka ƙara nisa ba, ba ka canja hanya ba, amma ƙwauri ya fara zogi, ko gwiwa, ko diddige ya riƙa sukarka a takun farko in ka sauko daga gado da safe. Bororo ya fito a inda bai taɓa fitowa ba. Takalmi ne abin zargi na farko. Hanya mafi sauƙi ta tabbatarwa: je shago da tsohon, ka sa shi a ƙafa ɗaya, sabo irinsa a ɗayar, ka yi taku goma. In an canja kuma ciwon bai sauka ba bayan mako biyu, ko akwai kumburi, maganar ta koma asibiti.

Yanayin ƙasar nan yana rage wa takalmi kwana. Barinsa a but ɗin mota da rana kamar sa shi a tanda ne: gam ya saki, soso ya motse. Shanya shi a kan rufin gida ma haka. A wanke da hannu da ruwan sanyi da ɗan sabulu, a zare shimfiɗar, a cusa takarda a ciki ta tsotse ruwan, a bar shi a inuwa. Akwai kuma soson da ake yi da sinadarin PU, wanda laima ke ruɓar da shi ko ba a taka shi ba. A gari irin Jidda, takalmin da ya yi shekaru a kwali yana iya fitowa fes, a tafiyar farko ƙasansa ya rududduge kamar busasshen burodi. Saboda haka in an yi rangwame mai yawa, ɗaga harshen takalmin ka duba takardar da ke ciki, yawancin manyan kamfanoni suna buga lokacin da aka ƙera shi a nan. Na gwanjo daga haraj kuwa ba mu ba da shawararsa don motsa jiki ba: ya riga ya kwanta daidai da ƙafar wani, kuma ba ka san nisan da ya ci ba.

Akwai wata ɗabi'a tamu da ke kashe kambas tun yana sabo. A ƙofar masallaci ana sauri, sai a taka bayan da ɗayar ƙafar a zare ba a kwance igiya ba, in an fito a danne bayan a mayar da shi silifas. Sau biyar a rana, cikin 'yan makonni makarin diddigen ya karye, kuma ba ya gyaruwa. A ware silifas don masallaci. Mai hali ya riƙe kambas biyu yana musanyawa, kowanne ya samu kwana guda ya bushe daga gumi.

Wajen saye, a je da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da za a riƙa sawa. A gwada ƙafa biyun a tsaye, domin da wuya su zo daidai, a bi babbar. Tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmin a bar faɗin babban yatsan hannu, santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Diddige kada ya riƙa zamewa, yatsu kuma su samu wurin motsi. Lamba 42 ta wannan kamfani ba lallai ta yi daidai da 42 ta wancan ba. In mai shago ya ce "zai buɗe in an saba", a ajiye masa kayansa: wanda ya matse a shago zai matse a hanya. Tsada ba ita ce ma'auni ba, dacewa da ƙafa ce, sai dai a guji jabu, don sosonsa ba ya daɗewa yake kwanciya. Safar auduga zalla tana riƙe gumi ta jawo bororo, wadda aka yi don wasanni ta fi.

Masu ciwon sukari, iyayenmu musamman, a nan muke roƙon a ƙara kula. Ciwon yana kashe jijiyoyin ji a ƙafa, tsakuwa ko ɗinkin da ya tashi a cikin takalmi zai iya yin rauni mutum bai ji ba, raunin kuma ya ƙi warkewa. Kafin a sa, a zura hannu har ƙarshe a shafa cikin. Bayan an dawo a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, da madubi ko a sa wani ya duba. Ja ko bororo ko tsagewa, a kai wa likita ba tare da jira ba. Su ba sa jiran kilomita 500: da shimfiɗar ciki ta huje ko yadin cikin ya yage, a canja.

Sabon takalmi ba a fita doguwar tafiya da shi ranar farko. A fara da minti 15 zuwa 20, ana musanyawa da tsohon har mako ɗaya ko biyu. Mai shirin aikin Hajji, wanda zai yi ta kai-komo tsakanin tanti da Jamarat a kwanakin Mina, ya sayi nasa wata guda ko biyu kafin lokacin, ya yi tattakinsa na kullum da shi da irin safar da zai tafi da ita.