Yadda Ake Hura Iskar Argon Cikin Narkakken Ƙarfe

A masana'antar ƙarfe, bayan an juye narkakken ƙarfe cikin babbar tukunyar tacewa, ana gauraya shi da iskar argon wadda ke shiga ta wani bulo mai ƙananan huji a gindin tukunyar. An zaɓi argon ne domin ba ta haɗuwa da ƙarfe ta ɓata shi.

Kafin a buɗe bututun iskar, wajibi ne mai aiki ya san cewa iskar ba ta zama yadda ta shiga. Ƙarfen yana da zafin kusan digiri 1,600 a ma'aunin Salshiyas, saboda haka iskar takan kumbura kusan ninki shida, sannan ta ƙara faɗi yayin da take hawa. Ƙarfen kuwa ya ninka ruwa nauyi sau bakwai, don haka kowace mita ta zurfi tana danne bakin bulon da kusan kashi 70 cikin 100 na matsin iskar sarari. Dole matsin bututu ya zarce wannan, in ba haka ba ƙarfe ya kutsa cikin hujin ya daskare.

A fara da ƙarfi idan za a narkar da sinadaran da aka zuba ko a rage farar wuta. Kumfar da ke tasowa tana jan ƙarfe sama, ya bazu, ya gangara ta gefen bango. Shi ya sa ake dasa bulon a karkace daga tsakiya, domin zagayen ya isa kusurwoyin gindi.

Daga nan sai a zuba ido kan kashin ƙarfen da ke yawo a sama, wato narkakken dattin da ke rufe saman ƙarfen. Inda kumfar ta ɓullo, takan ture shi gefe, narkakken ƙarfe mai ƙyalli ya bayyana, kuma a ganina wannan buɗewar ta fi allon na'ura faɗin gaskiya. Idan buɗewar ta yi faɗi, ƙarfe yana shan oksijin da naitirojin daga sarari, yana asarar zafi, guntayen kashin kuma suna nutsewa ciki.

A matakin ƙarshe a rage iskar har saman ya riƙa motsi kaɗan ba tare da ya tsage ba, a bar shi haka na 'yan mintuna, domin ƙananan kumfa su ɗauko dattin da ya rage zuwa sama kafin a kai tukunyar wurin zubi.